Saba Ba Alƙali Ba Ce

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a ofisoshin gwamnati tun da kwamfuta ta samu wurin zama a cikinsu: "Ba ya kan saba." Da ita ake sallamar ma'aikacin da sunansa ya ɓace daga jerin albashi, da ita ake mayar da rahoton asibitin ƙauye, da ita ake rufe bakin duk wanda ya zo da takarda a hannu yana rantsuwa cewa ya yi aikinsa. Jimlar tana ɗauke da wani hukunci da babu wanda ya taɓa zama ya yanke shi: wai idan abin da ke cikin na'urar ma'aikaci ya saɓa da abin da ke cikin babbar kwamfutar hedikwata, to na hedikwata ne gaskiya, na hannun ma'aikaci kuwa ko ƙarya ko sakaci. Wannan hukunci kuskure ne ta fuskar fasaha, zalunci ne ta fuskar aiki, kuma babu inda ya fi yin ɓarna kamar wurare irin Guri.

Guri ƙaramar hukuma ce a ƙuryar arewa maso gabashin Jigawa, ɗaya daga cikin takwas na masarautar Hadejia, tana iyaka da Yobe. Tana kwance cikin fadamar Hadejia da Nguru, inda kogi ke rarrabuwa zuwa rassa da tafkuna. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacala ta toshe magudanai, ruwa yana kwanciya inda a da ba ya kwanciya. Idan damina ta yi nisa, wasu ƙauyukan sai da kwalekwale ake isa gare su. Wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, sabis ɗin waya yakan zo ya tafi. A irin wannan wuri, yankewar layi tsakanin na'urar ma'aikaci da sabar Dutse ko ta Abuja ita ce al'ada. Duk tsarin da aka gina bisa zaton layi zai dawwama, to an gina shi ne don wani gari daban.

Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda ɓarnar ke faruwa ita ce a dubi wani tsohon tsari na Windows, wanda manyan ofisoshi ke amfani da shi tun shekarun 1990, wato kundi mai bin mai shi. Kowane ma'aikaci yana da kundi: fayilolin da ya ajiye a fuskar kwamfuta, takardunsa, da saitin manhajojinsa. A wannan tsari ana ajiye kundin a saba. Idan ma'aikaci ya zauna gaban kowace kwamfuta a ofis ya shigar da sunansa da kalmar sirrinsa, sai a sauko masa da kwafin kundin cikin wannan kwamfutar, ya yi aikinsa a kan kwafin. Idan ya tashi ya fita bisa ƙa'ida, sai a mayar da abin da ya canza zuwa saba. Dabara ce mai kyau, domin ma'aikaci ba ya ɗaure da teburi guda. Sai dai a lura da sharaɗin da ke ɓoye a ciki: aikin yini ba ya komawa saba sai a lokacin fita. Tsakanin shiga da fita akwai kwafi biyu, kuma kowannensu yana iya yin gaba ya bar ɗan'uwansa.

Idan suka saɓa, Windows ba ta karanta abin da ke cikin fayil don ta san wanne ya fi cika. Hatimin lokaci kawai take dubawa: wanda aka taɓa a ƙarshe shi ke danne ɗayan. Saitin manhajoji kuwa, wanda ke dunƙule cikin fayil guda mai suna NTUSER.DAT, ba a ma tsinke shi gida-gida. Ana ɗaukarsa ɗungurungum a ɗora a kan na da. Masu fasaha suna da suna ga wannan doka, ma'anarsa ita ce wanda ya rubuta a ƙarshe shi ne da nasara.

A ƙaddara wani ofis a Guri mai kwamfuta biyu, an haɗa shi da wata saba a Dutse bisa wannan tsari. Ranar Litinin akawu ya zauna a kwamfuta ta farko ya yini yana ƙara sunayen magidantan da ruwa ya ci gonakinsu cikin jerin da aka fara tun makon jiya. Kafin ya fita bisa ƙa'ida, man janareta ya ƙare, kwamfuta ta mutu. Aikin yana nan cikin cikinta, domin ya yi ta adanawa, amma bai koma Dutse ba. Ranar Talata ya samu abokin aikinsa a kan waccan kwamfutar, sai ya zauna a ta biyu. Ita kuma ta sauko masa da kwafin makon jiya. Ya ga jerin bai cika ba, ya ce a ransa gobe zai koma waccan ya duba; kafin ya rufe, idonsa ya faɗa kan wani suna da aka rubuta ba daidai ba, ya gyara harafi ɗaya, ya adana, ya fita. Yanzu tsohon jerin da ke Dutse yana ɗauke da hatimin Talata. Ranar Laraba ya koma kwamfuta ta farko ya shiga. Windows ta auna hatimi biyu, ta ga na Talata ya fi na Litinin sabunta, ta ɗauko jerin makon jiya mai gyaran harafi ɗaya ta shimfiɗa a kan aikin yini guda. Ba ƙararrawa, ba tambaya. Ranar da za a raba hatsi, magidantan Litinin ba sa kan saba.

Me akawun ya yi ba daidai ba? Babu. Bai yi ƙarya ba, bai yi lalaci ba, bai ci kuɗin kowa ba. Amma shi za a aika wa takardar tuhuma, kuma shi mutanen ƙauye za su tsare a bakin kasuwa.

Abin bai tsaya nan ba. Hatimin lokacin da aka ɗora wa wannan nauyi duka, agogon cikin kwamfuta ne ke buga shi, agogon kuma yana rayuwa ne da wani ɗan batir mai kamar kwabo. A kwamfutocin gwanjo da suka cika ofisoshi, batirin ya daɗe da mutuwa. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, agogo yakan koma wata tsohuwar shekara. Idan layi ya dawo yana iya gyaruwa, amma fayil ɗin da aka adana yana cikin ruɗu ya riga ya ɗauki hatimin ƙarya. Aikin yau ya zama tsohon aiki, komai ke kan saba ya fi shi sabunta. Haka kuma idan Windows ta ga layi ya yi sanyi, ƙasa da kilobit 500 a daƙiƙa bisa saitinta na asali, sai ta haƙura da saba ta buɗe kwafin da ke gida, mai aiki bai sani ba ko na yaushe ne. Idan ta kasa samun ko wanne, sai ta ba shi kundin wucin gadi, wanda ake share duk abin da aka ajiye cikinsa da zarar ya fita. Ga kuma fayil ɗin da aka goge a kwamfuta ɗaya ya sake bayyana, saboda wata kwamfutar da ba ta san an goge shi ba ta mayar da shi. Ma'aikata da yawa sun ɗora wa aljanu ko abokan gaba abin da wannan doka ce kawai ta aikata.

Bai kamata a ɗora wa Microsoft laifin da ba nata ba. An ƙera tsarin ne don bene guda mai wayoyi a bango da wutar da ba ta ƙiftawa, kuma kamfanin da kansa ya daɗe yana ba da shawarar a raba takardun aiki da kundin mai yawo, har ya sayi FSLogix a 2018 don wata hanyar daban ta riƙe kundin. Laifin yana kan wanda ya ɗauko rigar da aka ɗinka wa wani ya sa wa Guri, da wanda ya sa hannu a takardar biyan kuɗi bai tambayi komai ba.

Domin matsalar ba sabuwa ba ce ga masana. Tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa tsakanin kwamfutocin da ke nesa da juna, agogon bango ba ya isa a tantance abin da ya riga wani faruwa. A 2000 Eric Brewer ya gabatar da wata ƙa'ida, wadda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita da lissafi a 2002: idan layi ya yanke tsakanin na'urori, zaɓi biyu ne kawai, ko a hana kowa aiki har layi ya dawo, ko a bar su su yi aiki a yarda cewa kwafi zai saɓa. Babu na uku. Asibitin ƙauye ba zai kori mai naƙuda ya ce ta jira sabis ba, saboda haka an riga an zaɓi na biyu. Ke nan saɓanin kwafi tabbas ne, kamar yadda ambaliya take tabbas a fadama. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne abin da za a yi idan saɓanin ya zo, kuma dokar "na ƙarshe ya ci" ita ce mafi arha kuma mafi rashin tausayi daga cikin hanyoyin da ake da su.

Akwai wasu hanyoyin, kuma ba a littafi kawai suke ba. A 2007 injiniyoyin Amazon suka wallafa bayanin rumbun bayanansu mai suna Dynamo, inda suka ce idan kwandon sayayyar mutum ya rabu gida biyu, haɗe su ake yi. Sun gwammace kayan da mai saye ya cire su dawo cikin kwandon, da a ce wanda ya saka ya ɓace. Kamfanin ya ƙi yarda ya rasa cinikin takalmi ƙafa ɗaya saboda yankewar layi, amma ana gina tsarin da zai iya haɗiye sunayen waɗanda ruwa ya cinye wa shinkafa, ba wanda ya ɗaga gira. Dropbox idan ta ga an gyara fayil a wuri biyu, takan ajiye duka biyun ta yi wa ɗaya alamar saɓani. Rumbun CouchDB yakan riƙe duk kwafin da suka saɓa har sai an zo an warware, kuma da shi ƙungiyar eHealth Africa mai cibiya a Kano ta gina manhajojin da suka yi aiki ba tare da intanet ba lokacin annobar Ebola ta 2014. Ilimin yana nan, tafiyar awowi kaɗan daga Hadejia.

Mai karatu yana iya cewa ofisoshin Guri nawa ne ma ke da irin wancan tsari na Windows. Tambayar tana kan hanya, amma ta rage wa matsalar girma. Kundi mai bin mai shi misali ne kawai mafi tsabta. Duk na'urar da ke ɗaukar bayani babu sabis ta tura daga baya tana fuskantar tambaya iri ɗaya: wayar ma'aikacin lafiya da ke cika rahoto a DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da Nijeriya ke tattara bayanan lafiyarta da ita, kwamfutar mai rajistar lambar NIN, na'urar mai ƙidayar manoma. Mafi girman misali kuwa shi ne wanda masu zaɓe a Guri suka taɓa ɗora yatsunsu a kai, wato BVAS.

A zaɓen gwamnan Osun na 16 ga Yuli 2022, INEC ta bayyana Ademola Adeleke a matsayin wanda ya ci. Ɓangaren Gboyega Oyetola ya karɓi rahoton tantance masu zaɓe da aka ciro daga sabar hukumar, ya gwada shi da takardun sakamako, ya ce an yi aringizon ƙuri'u a rumfuna 744, domin ƙuri'un sun fi yawan waɗanda saba ta nuna an tantance. INEC ta ce an ciro wancan rahoto ne kafin na'urorin su gama tura abin da ke cikinsu, ta kuma fito da wani rahoton daga baya mai alƙaluma daban. Ranar 27 ga Janairu 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta soke nasarar Adeleke. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci ranar 24 ga Maris, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da rushewar ranar 9 ga Mayu. Ginshiƙin dalilinta shi ne cewa shaida ta asali game da tantancewa tana cikin na'urar da aka yi aikin da ita a rumfa. Abin da ke saba kwafi ne da ya dogara ga ko an tura, ko turawar ta isa. Ba sai mutum yana goyon bayan wani daga cikin 'yan takarar biyu ba kafin ya ga abin da ya faru: kujerar gwamnan jiha ta yi wata uku da rabi tana lilo a kan tambayar da akawun Guri ke fuskanta ranar Laraba, kuma babbar kotun ƙasa ta amsa ta da cewa saba ba ita ce asali ba.

Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 ya ƙara darasi. Sakamakon rumfuna ya ƙi hawa shafin IReV a kan lokaci, aka yi ta zargin jami'an rumfa da rashin sabis. Da INEC ta fitar da rahotonta, sai ta ce kuskuren saiti ne a ɓangaren saba, wadda ta kasa samar da mazaunin sakamakon shugaban ƙasa, alhali na 'yan majalisa yana shiga. Cibiya ce ta gaza, gefe yana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan haka aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urorin, abin da ke nufin share bayanan da ke cikinsu bayan an ce an kwashe su zuwa saba, har da na'urorin da aka yi aiki da su a mazaɓu goma na Guri. Tun daga ranar, kwafin da kotu za ta kira asali bayan wata biyu ya daina wanzuwa ga wancan zaɓe.

Masu kare fifikon saba suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa na'urar da ke ƙauye ana iya sace ta, ruwa yana iya cinye ta, mai riƙe da ita yana iya sauya alƙaluma da dare ya ce haka suke tun asali. Idan aka ce kwafin gida yana da murya, an buɗe ƙofar ma'aikatan bogi da sunayen ƙarya. Suna ƙarawa da cewa gwamnati ba za ta biya albashi bisa jeri biyu ba, dole a samu guda. Duk wannan gaskiya ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ba kowane akawu ne waliyyi ba. Amma hujjar tana nuna buƙatar a samu jeri guda a ƙarshe, ba ta nuna cewa agogo ne ya kamata ya zaɓe shi a ɓoye ba. Hasali ma dokar "na ƙarshe ya ci" ita ce babbar abokiyar mai maguɗi, domin duk wanda ya iya taɓa fayil a ƙarshe, a Guri yake ko a Dutse, ya shafe sawun na gabansa. Tsarin da ke ajiye kwafi biyu, ya rubuta wanda ya canza me, daga wace na'ura, a wane lokaci, shi ne ke kama ɓarawo, shi ne kuma ke wanke mai gaskiya.

Abin kunya shi ne tsohuwar En'e ta fi wannan hankali. Mai karɓar haraji yakan sa takardar kabon ya rubuta rasit, mai biya ya tafi da ɗaya, gindin ya zauna a littafi. Ranar da aka samu saɓani, sai a ajiye su gefe da gefe gaban mai bincike, a kira mutanen biyu. Ba wanda ya taɓa tunanin a yaga ɗaya don ɗayan ya fi shi ɗanyen tawada. Alƙali ma ba ya yanke hukunci don wane ne ya yi magana a ƙarshe. An kashe miliyoyi an sayo na'urorin da ke yin abin da za a kori ma'aji idan ya yi shi da hannu.

Doka ma ba ta tare da masu cewa "ba ya kan saba". Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 bai karɓi takardar da kwamfuta ta fitar haka kawai ba, sai an nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai a lokacin. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya tabbatar sahihai ne, cikakku, ya kuma kare su daga salwanta. Hukumar da tsarinta ke share aikin yini ba tare da ya bar alama ba, da wuya ta iya rantsuwa cewa ta cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan.

Jigawa tana alfahari da cewa tana cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Hadejia, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Hukumar NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya kafin a kashe kuɗi a kansu, ɗan Hadejia ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya karɓi shugabancinta a 2019. Ba a rasa mutanen da suka san abin ba. Abin da ake buƙata shi ne tambaya ɗaya ta shiga kowace takardar kwangila, a jiha da tarayya: idan kwafin na'ura da na saba suka saɓa, wanne ake ɗauka, wa ke yanke hukuncin, kuma ina ake ajiye wanda aka ƙi, har tsawon wane lokaci? Ɗan kwangilar da ya amsa da cewa tsarin yana daidaita kansa da kansa, ya faɗi cewa yana share ɗaya ne a ɓoye, sai a nuna masa ƙofa. Kuma kada a sake tuhumar ma'aikaci bisa abin da babu a saba sai an buɗe na'urarsa a gabansa an duba.

Gwajin karɓar aiki ma ya kamata ya bar ɗakin taro mai sanyi a Dutse. A kai tsarin Guri a watan Agusta. A sa akawu biyu su gyara jeri ɗaya a kwamfuta biyu, ɗaya daga cikinsu mai mataccen batirin agogo. Ana tsakiyar aiki a kashe janareta, a cire layi, a bar su kwana biyu, sannan a mayar. A buga jerin a takarda, a kira sunayen ɗaya bayan ɗaya gaban ɗan kwangilar da jami'in da zai sa hannu. Idan suna ɗaya ya ɓace ba tare da tsarin ya yi kururuwa ba, takardar biyan kuɗin ta koma cikin durowa.